Liƙin Akwatin Kifi A Abuja: Kama Da Wane Ba Ta Wane

Duk wanda ya saba shiga manyan otal-otal da ofisoshi da ɗakunan jira na asibitoci masu zaman kansu a Birnin Tarayya, Abuja, da wuya a ce bai taɓa cin karo da akwatin gilashi cike da ruwa ba, ƙananan kifaye masu launi iri-iri suna kai da kawowa a cikinsa, wata 'yar na'ura kuma tana hura kumfa daga ƙasa. A da can sai a gidajen Turawa da na manyan ma'aikata ake ganin irin wannan abu, amma yanzu ya shiga falon magidanta a Gwarinpa da Kubwa da Lugbe da Karu, har ma wasu makarantu suna ajiye shi domin koyar da yara. Mai kallo dai idonsa yana kan kifin. Ba kasafai yake lura da wani siririn layi mai kama da roba wanda ya bi kusurwoyin akwatin ba, alhali kuwa babu ƙusa a jikin akwatin nan, babu noti, wannan layi shi kaɗai ke riƙe da fallayen gilashi guda biyar da dukan ruwan da ke tsakaninsu.

Sunan abin silikon, ko da yake a kasuwa wasu na ce da shi gam ɗin gilashi. Ana sayar da shi cikin wani bututun roba mai tsinin baki, wanda ake sa wa cikin 'yar bindigar ƙarfe a riƙa matsawa yana fitowa kamar man goge baki. Inda gizo ke saƙar shi ne, bututan da ke jere a kantunan kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, ko a shagunan Wuse da Garki, duk kusan kamanninsu ɗaya ne, girmansu ɗaya, kowanne yana ɗauke da wajen mililita 300. Amma a cikinsu akwai wanda zai riƙe ruwa shekara goma ko fiye, akwai wanda zai saki bayan 'yan watanni, akwai kuma wanda ba zai saki ba amma zai kashe kifin da aka sayo da tsada.

Yadda asarar ke aukuwa ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Maigida zai wayi gari ya ga laima a ƙarƙashin akwatin kifinsa, sai ya aiki yaro ya kira mai aikin tagogin alminiyam na unguwa. Shi kuwa mai tagogi, da kyakkyawar niyyarsa, sai ya ɗauko ragowar bututun da ya yi aikin banɗaki da shi jiya, ya shafa a kan tsohon liƙin, ya ce a bar shi zuwa gobe. Gari na wayewa a mayar da ruwa, a mayar da kifi. Bayan 'yan kwanaki sai a ga kifin ya daina cin abinci, yana tasowa saman ruwa yana haki, sa'an nan ya fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai a shiga laluben dalili, wani ya ce ruwan ne, wani ya ce abincin ne, wani ma ya ce kambun baka ne, ba mai tunawa da bututun da aka riga aka jefa a kwandon shara.

Kifin ci da kifin kallo

Bahaushe ba baƙon kifi ba ne. Tun shekarar 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, kuma a nan Abuja kasuwar kifi ta Kado ba ta rabuwa da masu cinikin tarwaɗa da karfasa. Sai dai wancan kifin miya ne. Kifin da ake ajiyewa domin kallo al'ada ce da ta zo daga waje: mutanen ƙasar Sin ne suka fara kiwon jan kifin nan da ake kira kifin zinariya fiye da shekara dubu da suka wuce, mutanen Japan kuma suka shahara da wani mai suna koyi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Nijeriya da kanta tana cikin ƙasashen da ake sayen kifin ado daga gare su. Daga kogunan kudancin ƙasar nan ake kamo wasu irin kifaye a kai su Ikko, daga can a ɗora su a jirgin sama zuwa Turai da Amurka. Akwai mai dogon leɓe kamar hannun giwa, akwai mai fukafukai kamar malam-buɗe-littafi, akwai kuma wani siriri mai kama da maciji wanda masana kimiyya suka laƙaba masa sunan Kalaba tun shekarar 1865. Har ƙurungu da minjirya, waɗanda masunta suka raina, suna da masu so a can. Bugu da ƙari, akwatin gilashi ba kayan ado ba ne kawai. A Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa, da ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i, a cikin irinsa ake ajiye kifi domin nazari. In liƙin akwatin yana zubar da guba a ruwa, to sakamakon binciken ma ya gurɓace.

A shekarar 1853 ne aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a, a gidan namun daji na birnin Landan. Tun daga lokacin har wajen shekara ɗari, akwatunan kifi da firam na ƙarfe ake yin su, a danne gilashin da kwalta ko wani irin ƙullu, kuma yoyo da tsatsa ba sa ƙarewa. Shi kuwa silikon, wani Bature masanin haɗa magunguna mai suna Frederic Kipping, wanda ya yi aiki a Nottingham ta ƙasar Ingila, shi ya raɗa masa suna a 1901. A 1940 Eugene Rochow na kamfanin General Electric a Amurka ya gano hanyar sarrafa shi da yawa, aka kuma kafa kamfanin Dow Corning a 1943 domin wannan sana'a. Sai a shekarun 1960 aka fara haɗa akwatin kifi da gilashi zalla. Dalilin da ya sa abin ya yiwu shi ne, asalin silikon da asalin gilashi ɗaya ne, watau yashi, saboda haka yana kama gilashi kamun da ba ya yi wa roba ko katako.

Wanne ne na kifi?

Silikon ba ya bushewa irin yadda fenti ke bushewa. Laimar da ke cikin iska ce ke shiga jikinsa ta daskarar da shi daga waje zuwa ciki, shi kuma yana fitar da wani abu yayin da yake daskarewa. A nan ne ya kasu gida biyu. Kashi na farko yana fitar da tsami mai warin ruwan khal, mai hawa kai, har yakan sa ido ya yi ƙwalla. Kashi na biyu ba shi da wannan tsami, warinsa kaɗan ne, shi ne kuma masu aikin madubi da marmara da siminti suka fi so, domin mai tsamin yana cin ƙarfe yana ɓata bayan madubi. Silikon da kamfanoni ke yi musamman domin akwatin kifi, kusan duka daga kashi na farko yake, saboda ya fi kama gilashi, kuma in ya gama daskarewa tsamin ya fice ke nan, ba ya barin kome a ruwa.

To amma kada mai karatu ya ɗauka cewa da zarar ya ji warin khal shi ke nan ya dace. Nan ne mutane da dama ke faɗawa rami. Silikon da ake yi domin banɗaki da ɗakin girki shi ma sau da yawa warin khal gare shi, kalarsa ɗaya da na kifi, taurinsa ɗaya. Bambancin shi ne an zuba masa maganin kashe fumfuna, domin kada bakin baho da gefen tayil su yi baƙi. An yi maganin ne yadda zai riƙa tsattsafowa sannu a hankali tsawon watanni. A banɗaki wannan alheri ne, ruwan wanka ya wanke shi ya bi makwarara. A cikin akwatin kifi kuwa ruwan ba ya zuwa ko'ina, kifin yana shaƙarsa dare da rana ta kafofin numfashinsa, kuma yawancin irin waɗannan magunguna an san su da illa ga halittun ruwa. Har wa yau suna iya kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune cikin matacin akwatin, waɗanda aikinsu shi ne narkar da dattin kifi kafin ya zama guba.

Kamfanonin kirki ba sa ɓoye wannan. Da yawansu suna rubutawa a bayan bututun, da ƙananan baƙaƙe, cewa kada a yi amfani da shi a akwatin kifi. Sai dai wa ke tsayawa karanta bayan bututu a tsakiyar hayaniyar Dei-Dei, rana na dukan ka, mai shago yana cewa duk ɗaya ne? Ba lallai ne mai shagon yana da niyyar cuta ba. Masu sayen kayansa magina ne da masu tagogi, a wurinsu kuwa maganin fumfuna ƙarin daraja ne.

Saboda haka abin da mai saye zai nema a jikin bututu abu uku ne, kuma ya kamata ya karanta da idonsa ko ya sa a karanta masa. Ya ga an rubuta cewa silikon ne ɗari bisa ɗari. Ya ga an ambaci akwatin kifi ƙarara cikin ayyukan da aka yi shi dominsu, ba hoton kifi kawai ba, domin hoto ba shi da wuyar bugawa. Sa'an nan ya tabbata babu inda aka yi alfahari da cewa yana hana fumfuna ko yana kashe ƙwayoyin cuta. Duk bututun da aka ce ana iya shafa fenti a kansa, a ajiye shi, domin silikon na ainihi fenti ba ya kama shi. Wannan wani liƙi ne dabam da ake toshe tsagar bango da shi, kuma ba ya jure zama cikin ruwa.

Akwai kuma matsalar mai araha. Wasu masana'antu kan tsinka silikon da mai, ko su cika shi da garin alli, domin farashinsa ya sauko. Irin wannan yana iya toshe gefen taga, amma bayan ya daskare sai ya motse, ya rage kama gilashi. Gwajinsa ba wuya: a matsa kaɗan a kan farar takarda a bar shi kwana biyu. In maiƙo ya zagaye shi kamar an ajiye ƙosai, to an tsinka shi. Na kirki kuma in aka ja shi zai miƙe ya koma yadda yake, ba zai gutsure ba. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1971, tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su tun 2005, amma ba aikinta ba ne ta tsaya a bakin kanti ta gaya wa mutum wanne ya dace da kifinsa. Wannan ya rage ga mai saye.

Abu na ƙarshe da ake mantawa shi ne kwanan wata. Yawancin silikon shekara ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi wa'adinsa, kuma masu yin sa suna so a adana shi inda zafi bai wuce awu 30 ko kusa da haka ba. Duk wanda ya san Abuja a watan Maris, lokacin da zafi kan haura awu 35 a inuwa, ya san abin da bututu ke sha a shagon kwano ko cikin kwantena. Wanda ya lalace ko dai ya daskare tun a cikin bututun, ko kuma, abin da ya fi muni, ya fito lafiya ƙalau amma ya ƙi daskarewa har abada, ya zauna da danƙo kamar cingam.

Buhu biyar na siminti

Domin a gane abin da ake ɗora wa wannan siririn layi, ga ɗan lissafi. Akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 45, wanda shi ne matsakaici a falon gida, yana cin lita 243, watau kusan jarka goma ta 'yan garuwa mai lita 25. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan nauyin ruwan kaɗai ya kusa na buhun siminti biyar, ban da yashi da duwatsun ado da gilashin kansa. Fallen gaba shi kaɗai ruwan yana tura shi waje da ƙarfin da ya kai kilo 120. In aka ƙara tsayin akwatin zuwa santimita 60, turin zai haura kilo 210, domin zurfin ruwa ne ke haifar da matsi. Wannan ne ya sa akwatin da aka yanka da gilashin taga, irin wanda ake yi wa masu sayar da cincin da fanke, ba ya zama akwatin kifi kome kyan silikon da aka sa masa.

Kuma in ya fashe ba kifi kaɗai ke cikin haɗari ba. A bayan kowane akwati akwai wayoyin lantarki na fitila da na'urar hura iska, galibi an jona su a soket ɗin da ke ajiye a ƙasa. Jarka goma ta ruwa a kan wayar wuta, ga fasassun gilashi, a ɗakin da yara ke wasa, ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda ake gyara

Babbar ƙa'idar da masu wannan aiki suka sani ita ce, sabon silikon ba ya kama tsoho. Duk wanda ya shafa sabo a kan tsohon liƙi ya rufe yoyon ne na ɗan lokaci, ruwa zai sake samun hanya ta tsakaninsu. Tilas a kwashe kifi a zuba su a wani mazubi mai tsabta tare da ruwansu na da, a juye akwatin, a bar shi ya bushe, sa'an nan a sa sabuwar reza a kankare liƙin da ke kusurwoyin ciki gaba ɗaya, ba wurin da ke yoyo kaɗai ba.

A nan akwai wurin taka-tsantsan. Liƙin akwati iri biyu ne. Akwai na cikin kusurwa wanda ake gani, aikinsa tare ruwa. Akwai kuma wani siriri da ke tsakanin falle da falle, shi ne ke ɗauke da nauyin. Kada reza ta shiga wannan na biyun. In an duba an ga ya yi fari-fari, ko kumfa ta bayyana a cikinsa, ko gilashin yana motsi in an taɓa, to gyaran kusurwa ba zai yi magani ba, sai an wargaza akwatin duka an sake haɗa shi, wannan kuwa aikin gwani ne.

Bayan kankara sai a goge gilashin da asiton ko sifirit a tsumma mai tsabta har sai babu sauran maiƙo, domin ko shatin yatsa yana hana liƙi kamawa. Ba a sa sabulu ko kananzir. A manna tef a gefe da gefe domin layin ya miƙe, a matsa silikon a tafi da shi bai ɗaya ba tare da tsayawa ba, a bi shi da yatsa a danna shi cikin kusurwa, a cire tef ɗin nan take. Dole a gama cikin kamar minti goma, domin daga nan fatarsa ta fara kamawa. A yi aikin a inda iska ke shiga, saboda tsamin yana damun ido da maƙogwaro. Batun launi kuwa zaɓi ne: baƙi ya fi ɓoye gansakuka, shi kuwa garai-garai yakan rine in an zuba shuɗin maganin nan da ake yi wa kifi jinya da shi.

Hunturu da damina

Saura jira, wanda shi ne ya fi kome wuya ga mai akwati, kuma a nan ne yanayin Abuja ya shigo cikin maganar. Abin da kamfanoni ke rubutawa, cewa silikon yana daskarewa zurfin milimita 2 zuwa 3 a kowace awa 24, an auna shi ne a ɗaki mai matsakaicin zafi wanda laimar iskarsa ta kai kashi 50 cikin ɗari. Da damina, musamman a watan Agusta, iskar Abuja ta wuce haka laima, aikin yakan yi sauri. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke busar da leɓe yana fasa kanta, laimar takan faɗi ƙasa ƙwarai. Mutum zai ɗauka cewa tun da wanki yana bushewa cikin awa ɗaya, silikon ma haka zai yi. Akasin haka ne. Tun da laima ce ke daskarar da shi, a busasshiyar iska sai fatar waje ta kama, cikin kuwa ya zauna ɗanye kwana da kwanaki. Haka ma ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki, domin ita ma tana tsotse laima. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke sauka a kan gilashin da aka goge tun kafin a kai ga matsa bututun.

Don haka awa 24 da mai tagogi ya faɗa ba ta isa ba. Ƙaramin akwati yana bukatar aƙalla kwana biyu zuwa uku, babba kuwa mako guda, da hunturu ma a ƙara. Ajiye kwanon ruwa ko jiƙaƙƙen tawul kusa da akwatin, ba tare da ya taɓa liƙin ba, yana taimakawa. Muddin hanci yana jin warin khal in an sunkuya cikin akwatin, to da saura.

In warin ya ɗauke, sai a fitar da akwatin waje, a ɗora shi a wuri mai daidaito, a shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashinsa domin ko ɗigo ɗaya ya nuna, a cika shi da ruwa kaɗan-kaɗan, a bar shi kwana biyu. Wannan ruwan gwaji zubar da shi ake yi. Ruwan da kifi zai shiga kuma, in na famfo ne, irin wanda ake tacewa a madatsar ruwa ta Usuma da ke kusa da Ushafa, to akwai sinadarin kilorin a cikinsa, wanda shi ma yana kashe kifi kamar yadda maganin fumfuna ke yi. Sai a tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ɗaya ko biyu, ko a ɗiga masa maganin cire kilorin da masu sayar da kifin ado ke ajiyewa, kafin a mayar da kifin gidansu.